Ɗayyabu Ya Kulle Zaure

Duk wanda ya taɓa kai wayarsa caji a bakin tashar Kibiya ya san Ɗayyabu. In ma bai san shi ba, kafin batir ya kai rabi zai san shi, ya san ya taɓa zuwa Kano koyon kwamfuta, ya kuma san malaman wurin sun roƙe shi ya zauna ya koyar da su ya ƙi. Shagon nasa bai fi shimfiɗar tabarma ɗaya ba, amma a saman ƙofa ya sa an rubuta Injiniya Ɗayyabu da jan fenti, har harafin ƙarshe ya tsallaka bangon Amiru tela, maƙwabcinsa, saboda wuri bai isa ba.

Ba zan ci haƙƙinsa ba, abu ɗaya ya yi mana na kirki. Shi ya buɗe zauren nan na waya da ake kira Zauren Rano da Kibiya, kuma ya yi amfani. Akuyarka ta ɓata, ka yi cigiya a ciki. An yi rasuwa a Zurgu, kafin a gama wanka mutanen Nariya sun kamo hanya. Direba yana neman lodin tumatir zuwa Kano, ya faɗa, masu kaya su fito. Ƙofa a buɗe take, kowa ya ga dama ya danna ya shigo, ba mai tambayarsa ɗan gidan wane ne.

Ta nan ɓarna ta shigo mana. Wani ya ce an zaɓe ka cikin masu samun tallafin taki, ka turo lambar asusunka. Wata ta ce ita Hajiya ce a ƙasar waje, miji ya rasu ya bar mata dukiya, duk duniya ta rasa wanda za ta ba sai mutumin Kibiya. Masu maganin basir kuwa kamar a zauren aka yanke musu cibiya. Sai ka gama ratsa tallansu kafin ka iske sanarwar jana'iza, lokacin har an dawo daga maƙabarta. Mutane suka fara ƙorafi, kuma da gaskiyarsu.

Wata safiya Ɗayyabu ya fito ƙofar shago, ya gyara hula, ya tsaya a gaban 'yan majalisar da ke zama a barandar Amiru.

"Daga yau," ya ce, "ba mai magana a zaurena sai ɗan rajista. Lambar da ban sani ba, waje. Mai son shigowa ya tsaya a bakin ƙofa, sai na duba shi na ce shigo. Haka ake yi a manyan ƙasashe."

Amiru bai ko ɗago daga kan keke ba. "Ka je manyan ƙasashen ne?"

"Na je Kano."

"Ni ma na je Kano. Zare na sayo."

"Kai zare ka sayo, ni ilimi na ɗebo. Kafin Juma'a, ko ƙuda ba zai shiga zauren nan ba sai da iznina."

"To Injiniya, ka dai tuna mutanenmu. Gida guda waya guda ce, wani gidan ma ta maƙwabta ake ara. Wanda ya yi magana da wannan lambar yau, gobe da wata za ka ji shi."

"Wannan matsalarsu ce," in ji Ɗayyabu. Ya koma ciki ya zauna, ya shiga korar mutane da babban yatsa, yana yi yana fito.

Mu muka fara ɗanɗana kuɗarmu. An sa ɗaurin auren wani ɗan uwan Malam Ramalan a Rano, daga baya aka mayar da shi Zurgu, ba wanda ya ji. Muka cika mota muka tafi Rano cikin manyan riguna, muka zauna a ƙofar masallaci muna ta gaisawa da juna, ango da goro suna can Zurgu suna jiranmu. Ni dai ban taɓa jin yunwa irin ta ranar ba.

Malam Ramalan kuwa surukin Ɗayyabu ne, mahaifin matarsa Zulaiha, dattijo ne da ba ya ɗaga murya. Washegari sai ga shi a kan babur. Ɗayyabu ya fito da gudu ya durƙusa.

"Sannu da zuwa, Baba Malam."

"Yauwa. Ɗayyabu, kai ka kore ni daga zaure?"

"Ni? Wa ya isa, Baba Malam! Wata yarinya dai na cire, wai ita Bushra Baby, mai hoton fure."

"Ni ne."

Keken Amiru ya tsaya cak. Ashe tun da daɗewa da wayar autarsa Bushra Malam yake magana, ita kuwa sunan da ta ga dama ta sa wa abarta.

Ɗayyabu ya gyara durƙuso. "To ai da sauƙi, Baba Malam. Sai a yi maka rajista da layinka."

"Layina yana cikin wayar da ta faɗa rijiya bara."

"To... ka san doka ce, Baba Malam. In na karya ta don suruki, gobe wa zan hana?"

Malam Ramalan ya dube shi daga hula har takalmi. "Allah ya ba da sa'a," ya ce, ya tada babur. A wajenmu in dattijo ya yi maka wannan addu'ar da irin wannan muryar, gara a ce zaginka ya yi. Ɗayyabu kuwa sai ya juyo yana murmushi, wai ga shi har suruki ya sa wa aikin albarka.

Aka kori baƙi kaf, amma tallafin taki bai daina shigowa ba. Hajiyar ƙasar waje ma tana nan da dukiyarta. Ɗayyabu ya bi sawu, sai ya ga ashe daga cikin gida ne. Gwaggo Laraba ce, ƙanwar mahaifinsa, mai waina a bakin kasuwa. Duk abin da ya faɗo wayarta sai ta turo shi zaure da ɗuminsa. Ya same ta tana juya waina.

"Gwaggo, me ya sa kike turo maganar tallafin nan? Ƙarya ce fa."

"In gaskiya ce fa? In ci ni kaɗai?"

"'Yan damfara ne, Gwaggo."

"To ai shi ya sa na turo, kowa ya gani ya kiyaye."

"Amma a ƙasa an rubuta a yi sauri kafin a rufe."

"Da abinsa ya zo. Ni na iya rubutu ne?"

Ɗayyabu ya zaro waya, a gaban masu sayen waina, ya danna. "Na cire ki, Gwaggo."

Ta ajiye cokali. "Ni? Ni da na goya ka har bayana ya yi kanta?"

"Doka ba ta san goyo ba."

"Madalla. Tunda ba ni da rajista, bakina ya mutu. Ko wuta na ga ta kama hularka, ba zan ce uffan ba. Matsa, kana tare min masu ciniki."

Daga nan abin ya zame masa kamar cin gyaɗa. Wanda ya yi ƙorafi, waje. Wanda ya tambayi dalilin korar wane, ya bi shi. Ni laifina na sauya layi ne, don wancan ba ya kamawa a gona. Direbobi suka fita, masu albasa suka fita, ladan ma ya fita. Zauren ya yi tsit, sai Ɗayyabu yana gaida kansa da safe, Amiru yana amsa masa don maƙwabtaka.

Baƙo ɗaya ne ya samu shiga. Ya tsaya a bakin ƙofa ya rubuto, "Ranka ya daɗe, Babban Injiniya, ni ne Dakta." Ɗayyabu ya karanta ya sake karantawa, ya nuna wa Amiru.

"Ka ji mai ilimi. Daga gaisuwa za ka gane."

"Daktan me?"

"Dakta dai. Kai komai sai ka tona?" Ya buɗe masa.

Ana cikin haka Allah ya sauki Zulaiha lafiya, aka samu ɗa namiji, na fari. Murna wajen Ɗayyabu ba a magana, don ya daɗe yana jiran wannan rana. Rago kuwa yana nan a turke tun tuni. Zulaiha ce ta kiwata shi tun cikinta yana ƙarami, da dusa da harawa da ɓawon wake, ya zama fari ƙal, ƙato, mai baƙin tabo a wuya. Duk matar da ta shigo barka sai ta tsaya ta yaba shi kafin ta shiga ganin jariri. Ba su da wani sai shi, kuma duk dangi sun san da shi za a yi suna.

Ranar kasuwar Kibiya, Ɗayyabu ya ce dole duniya ta ga ragon nan. Ya kwance shi ya fito da shi ƙofar gida don ya ɗauke shi hoto, wai hasken cikin gida bai dace da darajarsa ba. Ya ja shi nan, ya ja shi can, yana ce masa ya ɗago kai. Sai waya ta yi ƙara, wani ya tsaya a bakin zaure yana neman shiga. Ɗayyabu ya saki igiya ya kama waya da hannu biyu, ya shiga binciken mutumin, ya duba hotonsa, ya auna sunansa, ya kore shi. Ko da ya ɗago yana jin daɗin aikinsa, ba rago ba dalilinsa. Garkunan masu komawa daga kasuwa sun wuce ta bakin layi, ragon ya bi 'yan uwansa.

Ya zaga layi, ya zaga bayan gari, ya leƙa har cikin kwata. Daga ƙarshe ya tuna ai shi mai zaure ne. Ya zauna a shago ya yi cigiya da murya mai ban tausayi, ya tura, ya zuba wa waya ido.

Amsa ɗaya ce ta shigo, daga Dakta. Ya ce Allah ya bayyana, sannan ya ce yawan damuwa yana tayar da basir, kuma akwai magani, ana aikawa ko'ina.

Amiru ya yi dariya har allura ta soke shi. Da ya ga idon Ɗayyabu ya yi ja, sai ya sassauta. "Buɗe ƙofar nan, mutumina. Mayar da mutane, kafin la'asar wani zai ce ya gan shi."

"In buɗe a ce na kasa? Ragon nan da ƙafarsa zai dawo."

"Ya yi rajista?"

A gida Zulaiha ta leƙo ta taga ta ga turke ba kowa. "Maigida, ina ragona?"

"Yana... na kai shi wajen Amiru a yi masa wanka."

"Tela ne ke wankan rago yanzu?"

"Ke ba ki san harkar zamani ba. Ki ji da jego."

Ta dube shi, ta dubi jariri, ta ja taga ta rufe. Kallon nan ya fi masa ciwo.

Washegari wata baƙuwar lamba ta nemi shiga zaure. Ya hana. Sai mai lambar ya aiko masa da saƙon murya kai tsaye. Muryar tsoho ce, a nitse: "Salamu alaikum. Mai Unguwa Habu ne daga wajen Nariya. An ce kai ne mai zauren cigiya. Wani makiyayi, Bappa, ya tsinci rago a cikin garkensa ya kawo mini. A taimaka a sanar, mai shi ya zo da shaida ya karɓa."

Amiru ya miƙe tsaye. "Alhamdu lillahi! Tashi mu tafi."

Ɗayyabu ya ɗaga masa hannu, yana wani murmushi na manya. "Zauna. Ka ga bambancin mai ilimi da tela? Ina na yi cigiyar ragona?"

"A zaure."

"Zauren a kulle yake ko a buɗe?"

"A kulle."

"To ta yaya na waje ya san na yar da rago? Ba yadda za a yi. Ɗan damfara ne. In na je, ya ce in kawo na harawa, in kawo na igiya, ƙarshe ya raba ni da babur."

"Bai ce ya san ka yar ba. Cewa ya yi an tsinta."

"Salon nasu ke nan!"

Ya kira 'yan majalisa su matso su ga yadda ake maganin irin waɗannan. Ya danna, ya kai waya bakinsa, ya gyara murya.

"Kai tsohon banza! Wai Mai Unguwa! In kai Mai Unguwa ne, ni Gwamna ne. Ka san da wa kake magana? Injiniya Ɗayyabu na Kibiya. Irinku nake karyawa da su da safe. Ka riƙe ragon, ka yi masa rawani, ya zama wakilinka. Ka ji kunya, da furfurarka!"

Ya tura, ya toshe lambar, ya dubi jama'a yana jiran tafi. Wani ya tambaye shi yadda aka yi ya ga furfura a cikin murya. Ya ce ilimi ne.

Can da yamma wata lambar ta sake shigowa, mai sunan mace, da hoto. Farin rago ne ƙato, baƙin tabo a wuya, an ɗaure shi jikin wani danni. Amiru ya karɓi wayar ya duba.

"Wallahi shi ne. Ga ma igiyarku."

"Kwamfuta ce ta haɗa. Ni da na karanta abin? Yanzu ana iya ɗora kanka a jikin jaki, uwarka ma ta rantse kai ne." Ya toshe wannan ma.

Ana gobe suna ya wuni a kan babur yana bin garkuna, ko'ina ya nufa ban da Nariya, don kada a ce ya yarda da ɗan damfara. Mai ya ƙare masa a hanyar Rano, ya turo babur har gida, ya shigo ƙafa duk ƙaya. Ya tarar mata sun cika gida ana ta daka, ana jera tukwanen da za a dafa naman da babu shi.

Da gari ya waye aka shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida bayan sallar asuba. Jama'a suka taru, har da mu korarru, don fushin zaure ba ya hana zuwa suna. Liman ya zauna, ga goro ga dabino, mahauci yana gefe yana wasa wuƙa. Ɗayyabu ya sha farar shadda, sai gumi yake kamar wanda ya fito daga gona.

Malam Ramalan ya ce, "Ɗayyabu, a fito da rago."

"Yana hanya, Baba Malam."

"Daga ina?"

"Daga... wajen wanka."

Kowa ya juya ya dubi Amiru. Amiru ya ce shi dai riga yake ɗinkawa. Mahauci ya daina wasa wuƙa. Liman ya duba agogo, ya dubi sama. Wallahi a lokacin tausayin Ɗayyabu ya kama ni, don ba ƙaramin abu ba ne a tara maka mutane ranar sunan ɗanka na fari a rasa abin yankawa.

Sai ga a-kori-kura ta shigo layi tana tari. A gaba wani dattijo ne da rawani, gemu fari fat. A baya wani dogon Bafulatani da sanda, yana riƙe da farin rago mai baƙin tabo a wuya. A gefensa, zaune a kan buhu, Gwaggo Laraba ce ta sha ɗaurin ɗankwali.

Ashe tun ranar da abin ya faru ta ji labari a bakin wata mai tallan nono, cewa an kai wani farin rago gidan Mai Unguwa Habu. Ta san na waye. Ta kama bakinta kamar yadda ta yi alkawari, sai da asubar suna ta je ta taho da su da kanta.

Ɗayyabu ya daka tsalle. "Ragona! Ban faɗa muku yana hanya ba?" Ya nufi igiya. Bappa ya gitta masa sanda.

Aka ba Mai Unguwa wuri ya zauna, aka gaisa a tsanake, ya tambayi mai jego da jariri. Sannan ya laluba aljihu ya fito da wata 'yar tsohuwar waya da aka ɗaure da roba. "Kafin komai, ina neman wani bawan Allah. Ban san fuskarsa ba, muryarsa kawai na sani." Ya danna.

"Kai tsohon banza! Wai Mai Unguwa! In kai Mai Unguwa ne, ni Gwamna ne..."

Wayar ƙarama ce amma muryarta har ƙarshen layi. Aka saurara har wajen rawanin rago. Liman ya sunkuyar da kai, kafaɗunsa suna girgiza. Malam Ramalan ya rufe ido yana salati.

"Kwamfuta ce," in ji Ɗayyabu da wata siririyar murya. "Yanzu ana iya..."

"Gwamna," Mai Unguwa ya katse shi, "zauna."

Ɗayyabu ya durƙushe a wurin.

"Ni ban zo faɗa ba. Amma tsintuwa tana da ƙa'ida tun kakanni. Ba a miƙa ta ga wanda ba a sani ba, sai mutanen gari sun tsaya masa. Ni kuwa ban san ka ba, ba ka cikin mutanena." Ya juya ga jama'a. "Akwai wanda ya san wannan mutumin?"

Direbobi suka shiga kallon takalmansu. Masu albasa suka shiga ɓare goro. Ni ma na ga wani abu mai ban sha'awa a jikin bango na tsura masa ido.

Ɗayyabu ya rarrafa wajen surukinsa. "Baba Malam, don Allah."

"Wa? Ni ai Bushra Baby ce, yarinya mai hoton fure. Ina ni ina shaida a gaban manya?"

"Gwaggo!"

"Bakina ya mutu, ɗan nan. Doka ba ta san goyo ba."

"Liman, kai fa ka san ni tun ina..."

"Ladanina ka kora," in ji Liman, "ni kuwa da wayarsa nake ji."

Ɗayyabu ya juya ga Amiru kamar mai nutsewa. "Amiru! Kai kana ciki. Kai ɗan rajista ne. Faɗa masa ka san ni."

"Na san shi, ranka ya daɗe," in ji Amiru. "Shi ya sa ba zan tsaya masa ba."

Wani daga baya ya ce a kira Dakta, shi kaɗai ya rage. Dariyar da ake ta dannewa ta ɓalle gaba ɗaya, har mahauci sai da ya ajiye wuƙa ya riƙe ciki. Mai Unguwa ya miƙe ya kakkaɓe riga. "To Bappa, mayar da shi mota. Mai shi bai zo ba."

Bappa ya ja igiya. Ɗayyabu ya cire hula, idonsa ya kawo ruwa. Duk injiniyancin ya zube, sai wani yaro da aka haifa a bayan kasuwa. "Ranka ya daɗe, na tuba. Jama'a, na tuba. Ku yi mini komai, amma kada ku bar ɗana ba yanka."

Sai aka ji gyaran murya daga bayan ƙyauren zauren gida. Zulaiha ce, ba ta fito ba, muryarta kawai.

"Ranka ya daɗe, a yi mini izini."

"Bismillah, 'yata."

"Ragon nawa ne, ni na kiwata shi da hannuna. Mutumin ma nawa ne. Haka na same shi, haka nake haƙuri da shi."

Mai Unguwa ya yi dariya har rawaninsa ya karkace. "Wannan shaida ta isa. Bappa, ba mahauci. Amma a rubuta a zuci, ragon mai jego ne, ba na Gwamna ba."

Aka kama rago. Liman ya matso ya sunkuyo don a raɗa masa suna. Ɗayyabu ya daɗe da zaɓen Khalid, har ya ɓoye wa kowa don ya ba da mamaki. Ya buɗe baki ke nan, Malam Ramalan ya yi tari. Gwaggo Laraba, wadda bakinta ya farfaɗo nan take, ta ɗaga murya daga bakin mota.

"Dattijo ya ciyar maka da rago, ka zage shi, ya taso tun daga Nariya ya kawo maka har gida. Da me za ka wanke wannan, ɗan nan? Da cajin waya?"

Ɗayyabu ya dubi surukinsa, ya dubi Mai Unguwa Habu, ya dubi jama'a. Kowa shi yake kallo. Ya kai baki kunnen Liman ya yi raɗa. Liman ya ɗago yana murmushi ya ce a yi salati, sunan yaro Abubakar, takwaran Mai Unguwa. Aka shafa fatiha, aka yanka rago, tsohon ya karɓi jariri a hannu ya sa masa albarka, idonsa har da ƙwalla.

Kafin a sauke tukunyar farko an buɗe zaure, kowa ya koma, aka ɗora Amiru da ladan su riƙa share tallan banza in ya shigo. Dakta ne kawai aka sallama.

Yaro kuwa, tunda sunan babba ya ci, ba mai kiransa da shi gatsau. Duk Kibiya Mai Unguwa ake ce masa, har uban, don ba shi da yadda zai yi. Yanzu ya fara tafiya. In Ɗayyabu ya ɗauko shi a kafaɗa ya biyo ta bakin tasha, sai ka ga 'yan majalisa sun miƙe sun dunƙule hannu.

"Ranka ya daɗe, Mai Unguwa! Wannan da ke ɗauke da kai, ka san shi?"